Furfurar Kare a Idon Kyamara

Akwai wani irin hoto da ya yawaita a wayoyinmu 'yan shekarun nan. Tsohon kare ne, bakinsa ya yi furfura, idonsa ya yi yana, yana kwance a kan bargo, hannun wata Baturiya a wuyansa. A ƙasa an rubuta sunansa da shekarunsa, wani lokaci har da ranar da likita zai yi masa allurar da ba a tashi. Duk sanda irin wannan hoto ya faɗo cikin hira a nan Zangon Lome, amsar ba ta wuce biyu. Ko a kwashe da dariya a ce Turawa sun ƙoshi har abinci ya hau musu kai, ko a ja tsaki a ce bayin Allah na kwana da yunwa wasu na kuka a kan kare. Kowace amsa da ƙamshin gaskiya a cikinta, sai dai masu ba da ita ba su tsaya sun dubi hoton ba. Ni sana'ata magana ce a rediyo, inda ba a ganin komai, wataƙila shi ya sa hoto yake tsayar da ni fiye da yadda yake tsayar da wasu. Gani ya kori ji, in ji Hausawa. To bari mu duba ayyuka huɗu da suka yi suna a wannan fage, mu auna su a matsayinsu na hotuna, mu ga wanda ya faɗa mana gaskiya da wanda ya yi mana daɗin baki.

Na san maganar da ke bakin mai karatu tun kafin mu yi nisa: ai kare najasa ne. Ni ba malami ba ne, kuma wannan ba fatawa ba ce, amma abin da ke cikin littattafan da ake karantawa a zaurukanmu ba ɓoyayye ba ne. Mazhabar Malikiyya, wadda akasarinmu muke bi daga Sakkwato har nan bakin teku, ba ta ɗauki jikin kare mai rai a matsayin najasa ba, har da yawunsa. Wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sa baki a ciki, malaman mazhabar sun ce bin umarni ne na bauta. An halatta ajiye shi don farauta da gadin garke da gona. Har ana ba da labarin Ibn Abi Zaidin, mai Risalar nan da kowane ɗalibin zaure ya sani, cewa katangar gidansa ta faɗi sai ya ajiye kare don tsaro. Da aka tuna masa cewa Imamu Malik bai so haka ba, sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu, da zaki zai ajiye. Ga karen Ashabul Kahfi da ya miƙe ƙafafunsa a bakin kogo, wanda muke wucewa ta kansa duk Juma'a. Ga hadisin wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai jin ƙishirwa. Wani malamin Bagadaza, Ibnul Marzuban, wanda ya rasu a 921, ɗan littafi guda ya rubuta a kan fifikon karnuka bisa da yawa daga cikin masu sa tufafi.

Nisan da muke yi da kare kuma yana da dalilin da ya wuce fiƙihu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe kusan mutum 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan dukkansu ta hanyar kare suka kamu. Yara ne da yawa daga ciki. Uwar da ta daka wa ɗanta tsawa don ya matsa daga kusa da karen titi ta san abin da take yi. Karen da ke cikin hotunan da za mu duba an yi masa rigakafi tun yana kwikwiyo, yana da kati a asibiti kamar ɗan mutum. Wannan bambanci a riƙe shi, za mu dawo kansa.

Mu a nan yankin, mene ne hoton mutum? Lome ta daɗe da sanin kyamara. Alex Agbaglo Acolatse ya buɗe shagonsa a garin nan tun wajen 1900, ya ɗauki manyan gari cikin shigarsu ta alfarma. A Bamako, Seydou Keïta ya buɗe nasa a 1948, yana rataya zane mai ado a baya, yana ara wa mutane rediyo, agogo, alƙalami, babur, har mota, su tsaya kusa da su. Duk wanda ya taɓa shiga shagon mai hoto ranar salla ya san yadda abin yake. Kai za ka zaɓi rigar, kai za ka gyara zaman hula, kai za ka ce a sake don ka ƙifta ido. Hoto a wurinmu yarjejeniya ce tsakanin mai ɗauka da wanda ake ɗauka: ga yadda nake so a tuna da ni. Da aka rushe tsohon Zango na tsakiyar gari a 1977 aka maido iyayenmu nan wajen Agoè, irin waɗannan hotuna ne suka biyo su cikin akwatuna, na aure, na suna, na dawowa daga Makka da haƙorin zinari. A duk gidajen da aka taɓa buɗe mini akwati na gani, ban ci karo da hoton dabba ita kaɗai ba.

Kare ba ya shiga wannan yarjejeniya. Bai san ana ɗaukarsa ba, bai san ya tsufa ba ta fuskar da mu muka sani, bai nemi a tuna da shi ba. Saboda haka tambayar da zan yi wa kowane aiki a nan ɗaya ce: tunda karen bai roƙa ba, don wa aka ɗauki hoton, kuma mai ɗaukar ya yarda ya nuna mana haka ko ya ɓoye?

Littafin Nancy LeVine, Senior Dogs Across America, wato tsofaffin karnuka a faɗin Amurka, ya fito a 2016, bayan ta shafe fiye da shekara 10 tana yawo daga wannan jiha zuwa waccan. Ta fara aikin ne da ta ga nata karnukan sun soma tsufa. Tana ɗaukar kowane kare a inda yake rayuwa, ta rubuta sunansa da shekarunsa da garinsu. Abin da na yaba mata shi ne ba ta yi wa tsufa kwalliya ba. Furfura tana nan, ƙafar da ta sage tana nan, idon da ya dushe yana nan. Kuma da yake ta bar wurin zaman ya fito a hoton, kana iya karanta mai karen ko da ba ka gan shi ba, kamar yadda kake gane halin mai gida daga yadda aka share ƙofar zaurensa.

Inda na rabu da ita shi ne littafin ya cika sanyi. Duk karen da ke ciki ya sami wanda ya riƙe shi har ya kai shekara goma sha, ko a gida ko a wurin kula da dabbobi. Hakan na nufin magani, tiyata, abinci na musamman, wanda zai ɗauke shi ya hau bene. Kuɗi ne ya sayi wannan furfurar, amma kuɗin bai fito a hoto ko ɗaya ba. Mai kallo daga Amurka ba zai lura ba, don a wurinsa haka duniya take. Mai kallo daga Agoè, wanda ya san nawa ake kashewa kafin a ga likita da tsohuwa mai hawan jini, shi ne abu na farko da zai gani. Ba laifi ba ne mutum ya kashe dukiyarsa a kan abin da yake so. Laifin littafin shi ne ya gabatar da gata kamar ƙauna ce kawai. In ana so a ga iyakar inda wannan hanya take kaiwa, tun 2005 masana a Koriya ta Kudu suka samar da kare na farko daga ƙwayar halittar wani kare, kuma yanzu akwai kamfani a Amurka da ke yi wa mutum kwafin karensa a kan dala 50,000, abin da ya haura sefa miliyan 25. Mawaƙiya Barbra Streisand ta bayyana a 2018 cewa ta yi. Wanda ya kai nan ya daina neman abin tunawa, mutuwar ce gaba ɗaya ya ƙi amincewa da ita.

Na biyu ɗan gajeren fim ne na minti takwas ko ƙasa da haka, sunansa Denali, ya fito a 2015, kuma shi ne wanda ya fi yawo a intanet. Labarin wani mai ɗaukar hoto ne, Ben Moon, da karensa. Moon ya kamu da ciwon dajin hanji yana saurayi, karen ya zauna da shi har ya warke. Bayan shekaru karen ma ya kamu da ciwon daji, sai Moon ya ɗauke shi ya zagaya da shi wuraren da suka saba zuwa kafin ya mutu. Hotunan suna da kyau, ba musu. Amma an sa wa karen murya. Wani ne yake magana a madadinsa tun daga farko har ƙarshe, yana barkwanci, yana nasiha. A nan fa an shigo gonata, don murya ita ce abin da nake ci da shi. Mu ma'aikatan rediyo mun san cewa in ka sassauta murya, ka ja numfashi, ka sa kiɗa mai taushi a ƙasa, ko farashin tumatir ka karanta sai wani ya ji ƙwalla. Fim ɗin ya yi amfani da wannan dabara har ƙarshenta. Karen da ke magana ya tashi daga kare ya koma Gizo na tatsuniya, bakin da mai labari ya ara don ya faɗi abin da yake so a faɗa masa. Ya fi sauran ukun sa kuka, kuma a ganina shi ne mafi rauni a cikinsu, domin ya toshe shirun dabbar, alhali shirun nan shi ne abin da ya kamata mu tsaya mu saurara.

Na uku ya sha bamban. Tou Yun-fei ɗan Taiwan ne. Ya bar aikin da yake yi wa mujalla ya koma shiga gidajen gwamnati da ake tsare karnukan titi, inda a lokacin doka ta ba kare kwana 12. In ba wanda ya zo ya ɗauke shi, a yi masa allura. Zuwa 2012 ya ɗauki karnuka kusan 400, a ranar da za a kashe su. Ya kira aikin Memento Mori, kalmomin Latin masu nufin tuna cewa za ka mutu. Babu bargo, babu hannun mai gida, babu bakin teku. Bango ne mai ruwan toka, haske irin na shagon mai hoto, kare a zaune yana fuskantar kyamara kamar wanda ya zo ɗaukar hoton fasfo. Wasu ƙazuwa ta cinye musu gashi, wasu haƙarƙari a waje. A maimakon suna, abin da aka rubuta shi ne kwanan wata, da ƙarfe nawa, da sa'o'in da suka rage kafin allura.

Wannan rubutu na ƙasa shi ne ƙashin bayan aikin. In ka rufe shi da hannu, hoton kare ne mara lafiya. In ka ɗage hannu ka karanta cewa saura awa ɗaya da 'yan mintuna, sai hoton ya canza a gabanka ba tare da komai ya motsa ba. Kai ka san abin da karen bai sani ba, kuma ba ka da yadda za ka yi, don abin ya riga ya faru tun shekaru. Duk wanda ya taɓa karanta sanarwar rasuwa a rediyo, ya ga hoton mamacin yana murmushi a jikin takardar da 'yan uwa suka kawo, ya san wannan nauyi. Tou bai ce don karen ya ɗauka ba. Don mutanen ƙasarsa ya ɗauka, waɗanda ke sayen kwikwiyo su yar da shi in ya girma, kuma bai ɓoye hakan ba. Hotunansa, tare da wani fim na 2013 mai suna Twelve Nights, wato darare goma sha biyu, suna cikin abubuwan da suka tayar da hankalin jama'a, kuma tun watan Fabrairun 2017 dokar Taiwan ta hana kashe karnukan da ke waɗannan gidaje don kawai ba a zo an ɗauke su ba.

Duk da haka ina da ƙorafi ɗaya a kansa, kuma ba ƙarami ba ne. Tou yana tsara hoton yadda kare zai yi kama da mutum. Yana ɗauka daga daidai tsayin idon karen, yana jiran lokacin da fuskar za ta yi kamar ta mai tunani, sannan a wanke hoton da girma har ya kai tsayin ɗan Adam. Saƙon shi ne: ka ji tausayinsa domin ya yi kama da kai. Dabarar tana aiki, amma tana da farashi. Dabbar da fuskarta ba ta iya kwaikwayon tamu fa? Jakin da ke jan amalanke, kazar da aka ɗaure ƙafafunta aka rataye a bayan zemijan, su wa zai ji tausayinsu in sharaɗin tausayi shi ne kama da mutum? Hadisin da na ambata ɗazu bai ce mutumin ya shayar da karen don ya ga fuskarsa kamar ta ɗan'uwansa ba. Ƙishirwa ya gani, irin wadda ta kama shi.

Shi ya sa na ajiye Isa Leshko a ƙarshe, ko da yake littafinta ba na karnuka ba ne zalla. Allowed to Grow Old, wato waɗanda aka bari suka tsufa, ya fito a 2019. Ta soma aikin bayan ta yi jinyar mahaifiyarta da ta kamu da ciwon mantuwa na tsufa, tsoron nata tsufan ya kama ta. Sai ta riƙa zuwa gonakin da ake ajiye dabbobin da aka ceto, tana ɗaukar tsofaffin dawaki, tumaki, awaki, aladu, zakaru, talo-talo. Hotunan baƙi da fari ne, da hasken rana kawai. Takan shafe sa'o'i a kwance a ƙasa kusa da dabba har ta saba da ita kafin ta taɓa kyamara. Wannan haƙuri ya fito a hotunan. Dabbobin ba sa yi maka kallon roƙo, wasu ma ba sa kallonka sam. Tunkiya tana nan a matsayin tunkiya. Kuma sunan littafin ya faɗi abin da LeVine ta yi shiru a kai: tsufa ga dabbar gida izini ne da mutum yake bayarwa ko ya hana. Kazar gidan gona da ake yankawa tana da sati shida ko bakwai za ta iya yin shekaru in an bar ta. Yawancinmu mun ci kaji ba adadi, amma nawa ne a cikinmu suka taɓa ganin yadda fuskar tsohon zakara take?

Da na gama duba aikinta sai na ga ashe mu ma muna da namu hoton dabba mai jiran mutuwa, sai dai ba mu kira shi da wannan suna ba. Hoton ragon layya. Daga an shiga goman farko na Zulhajji, wayoyin Zango cike suke da shi. An je Gbossimé an yi ciniki, ko an sauke daga motar da ta taso daga Nijar ko Burkina, balami ko uda, an wanke shi da sabulu, an ɗaure a ƙofar gida, mai gida ya dafa ƙaho a ɗauka. Gobe ko jibi za a yanka. Ta fuskar lokaci, wannan hoto ɗan'uwan na Tou ne, har ma ana iya rubuta sa'o'in da suka rage a ƙasa. Ta fuskar niyya kuwa sun yi hannun riga. Dubi yadda muke ɗaukarsa: mai wayar ya durƙusa ya ɗauko daga ƙasa don ragon ya ƙara tsayi, mai ragon ya ɗan ja baya don dabbar ta cika hoton. Abin da ake nunawa shi ne ƙiba da ƙaho, wato kuɗin da aka kashe. Hoton mai gida ne, rago kuwa yana matsayin rediyon nan da Keïta yake ara wa mutane.

Ba layya nake zargi ba, ibada ce, kuma sharuɗɗanta ma sun bayyana wani abu. Ba a layya da makauniya, ko gurguwa, ko mara lafiya, ko ramammiya. Ke nan dabbar da ta cancanci shiga hotonmu ita ce wadda take kan ganiyarta, daidai kishiyar waɗanda Leshko ta je nema. Amma a gidajen da ake kiwon ragon tun yana ƙarami, akwai wani hoto na biyu da ba a cika ɗauka ba, kuma shi ne mai kyan. Yaron da ya yi wata shida yana yanko masa ciyawa, yana ba shi dusa, ya raɗa masa suna, ranar salla ya ɓuya a ɗaki ya ƙi fitowa. Manya su yi masa dariya su ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta. Karin maganar gaskiya ce, amma a lura, ta amsa cewa akwai sabon. Wanda zai ɗauki yaron nan da ragonsa daren jajibere, ba tare da ya ce su tsaya su kalli kyamara ba, zai fito da abin da ya fi rabin littafin LeVine.

Haka zancen doki. Hotunan hawan salla na Kano da Katsina da Zazzau sun zagaya duniya, amma a cikinsu dokin ya ɓace a ƙarƙashin kayan ado, da ƙyar kake ganin idonsa. Ina hoton dokin da ya yi shekara goma yana hawan daushe, yanzu ya tsufa yana tsaye a turke?

Komawa ga kare, dalilin da ya sa ba mu da hoton tsohonsa bai tsaya ga rashin sha'awa ba. Tsohon karen ne ya yi ƙaranci. Cuta, mota, guba, duka, ɗaya daga ciki yakan riga furfura zuwa. Akwai kuma kasuwa. Garin Dawaki da ke ƙaramar hukumar Kanke a jihar Filato ya shahara da kasuwar karnuka, inda ake tara su daga ƙauyukan arewa har da ƙetaren iyaka, a loda a mota zuwa kudancin Najeriya wurin masu cin namansu. A nan Togo, maƙwabtanmu Kabiye suna cin naman kare a lokacin kokawar Evala da ake yi a yankin Kara cikin watan Yuli, al'adarsu ce ta shigar samari sahun manya. Wanda ya leƙa kasuwar bokaye ta Akodessewa kuma zai ga busassun kawunan karnuka a jere da na sauran dabbobi. Kare a yankinmu yana da farashi a mace, to wanda ƙarfinsa ya ƙare, mai shi yana da inda zai kai shi. Karin maganarmu ma ta yanke hukunci: karen bana shi ke maganin zomon bana. Ba a ce komai a kan na bara ba.

Amma ƙarya ne a ce babu masu ƙaunar kare a cikinmu. Mafarautan ƙasar Hausa suna rataya wa karnukansu laya, suna ba su rabonsu daga abin da aka kamo, suna kiran kowanne da sunansa. Buzayen kwarin Azawak, tsakanin Nijar da Mali, suna da siririn karensu mai dogayen ƙafafu da ke kwana a cikin zangonsu. Tun wajen shekarun 1970 aka fara kai irinsa Turai, kuma yau in ka nemi hotonsa a intanet, abin da zai fara fito maka shi ne wanda ake baje kolinsa a gasar karnuka, ba wanda ke kwance a gindin tanti ba. A ƙabilu da dama na maƙwabtanmu, sunan kare habaici ne, mai shi ya raɗa masa magana don duk sanda ya kira shi kishiya ko maƙwabci ya ji saƙo. Ka ga in mai ɗaukar hoto na nan gida zai bi hanyar LeVine ya rubuta suna da shekaru a ƙasa, sunan kaɗai labari ne da babu irinsa a littafinta. Kuma kada wani ya ce baƙon abu ne a nahiyar nan. A 1935 masu tonon tarihi suka gano wani dutse a Giza ta ƙasar Masar, mai shekara fiye da 4,000, ɗauke da sunan wani kare mai gadin Fir'auna, Abutiyu, da umarnin sarki cewa a binne shi da akwati da likkafani mai kyau da turare.

A wannan shekarar ta 1935 ne aka ɗauki hoton da, a wurina, ya fi duk waɗanda na ambata, kuma ba mai neman suna a fasaha ne ya ɗauke shi ba, hoton jarida ne. Hachiko kare ne na wani malamin jami'a a Tokyo, Hidesaburo Ueno, wanda ya saba tarbar ubangidansa a tashar jirgin ƙasa ta Shibuya. Malamin ya rasu a wurin aiki a 1925, karen ya ci gaba da zuwa tashar kusan shekara 10. Ranar 8 ga Maris 1935 aka tsinci gawarsa a titi, aka kai ta ɗakin ajiye kaya na tashar. Hoton ya nuna shi a shimfiɗe, ma'aikatan tasha da matar marigayin sun kewaye shi, wasu a durƙushe sun haɗa tafin hannu irin na addu'arsu. Ba a sa masa murya ba, ba a gyara shi ya yi kama da mutum ba, mushen tsohon kare ne. Kuma masu baƙin cikin suna cikin hoton da fuskokinsu, ba su laɓe a bayan kyamara ba, don haka tambayar don wa aka ɗauka ta amsa kanta.

Ko shi ma akwai abin da ya bari a waje. Sai a watan Oktoban 1932 wata jarida ta buga labarin Hachiko, daga nan mutane suka fara kawo masa abinci, har aka kafa masa mutum-mutumi a 1934 yana raye. Shekara bakwai da suka gabaci wannan, karen titi ne kawai a idon yawancin masu wucewa, ana korarsa daga bakin tasha, yara na tsokanarsa, kuma hotunansa da duniya take yawo da su yau kusan duk bayan ya yi suna aka ɗauke su.